Juji, Lambatu da Kwalta: Wa Ke da Titi a Samaru da Sabon Gari?



Ba mamaki wani ya tambayi kansa, shin me ya haɗa malamin Hausa da zancen shara da kwalta, alhali ga injiniyoyi da likitoci cike da wannan jami'a? Amsar ita ce, kowace sana'a tana da wurin da take duba tarihin abu. Mai binciken ƙasa yakan haƙa rami, mu kuwa kalmomi muke tonawa, kuma sau da yawa kalma takan riƙe labarin da mutane suka manta. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, abubuwa ukun nan da mutanen Samaru da Sabon Gari suke kuka da su, watau tarin shara, da lalacewar tituna, da yawan haɗarin mota, ba matsaloli uku ba ne daban-daban. Abu ɗaya ne mai kai uku, kuma igiyar da ta ɗaure su ita ce magudanar ruwan nan ta gefen titi, wadda kowa ke tsallakewa, ba mai cewa tasa ce.

Bari mu fara da kalmomin. Bahaushe yana da hanya, da turba, da tafarki, da gwadabe, da lungu, da burtali inda shanu ke bi tsakanin gonaki. Duk waɗannan nasa ne tun kaka da kakanni. Amma titi, da kwalta, da kwalbati, da lambatu, duk baƙi ne. Titi daga Turanci aka aro shi ta bakin Yarabawa. Lambatu kuwa, in aka saurare shi da kyau, lamba ta biyu ce a Turance, bakin Bahaushe ya murɗe ta. Aron kalma ba aibi ba ne, harshen da ba ya aro ya mutu. Abin lura shi ne, waɗannan kalmomi sun zo ne tare da mai kayan, watau gwamnati. Lungu yana da masu shi: kowane maigida ya san iyakar ƙofar gidansa, yara sukan share ta da sassafe, in rami ya ɓullo a zuba ƙasa, in aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya mai unguwa ya kira gayya. Titi kuwa tun ran da aka haife shi sunansa "na gwamnati". Kowa a ɗakin nan ya san abin da ake nufi in an ce abu kayan gwamnati ne.

Haka kuma juji. A yau in an ce juji sai mutum ya toshe hanci, amma a wurin kakanninmu juji ajiya ce. Abin da ke cikinsa toka ce, da kashin awaki da na kaji, da ɓawon gyaɗa, da dusa, da ƙurar tsakar gida. In rani ya yi nisa sai manomi ya zo da jakinsa da mangala ya kwashe, ya kai gona, kuma ba kullum yake samu kyauta ba. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a wannan jami'a, ya yi bincike a karkarar Kano a shekarun 1960, ya nuna yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da taki, har gonakin kewayen birnin suna ba da amfani shekara da shekaru ba a bar su sun huta ba. Ashe ke nan gari da ƙauye suna da wata tsohuwar yarjejeniya: ƙauye ya ciyar da gari, gari ya ciyar da gona. Ba a bukatar motar shara inda sharar kanta tana da mai saye.

Abin da ya warware wannan yarjejeniya shi ne leda. (Wannan ma kalmar aro ce, asalinta sunan fata ne a Turanci, sai ga shi ta koma sunan abin da ba ya ruɓewa, abin dariya kuwa a garin da ke da cibiyar binciken fata ta ƙasa baki ɗaya.) Da baƙar leda ta maye gurbin ganye da takarda da kwando, sa'an nan daga shekarun 1990 ruwan leda ya bazu ko'ina, sai jujin ya gurɓace. Manomi bai daina son taki ba, amma yanzu sai ya tsince leda da batir da fasassun kwalabe kafin ya zuba, in bai tsince ba gonarsa ta yi fari fat da leda, akuyarsa ta haɗiya cikinta ya ƙulle. Da darajar juji ta faɗi sai ya zauna inda yake, yana tsawo. Sai muka aro masa sabon suna, bola. Juji abin da ake jira a kwashe ne, bola kuwa abin da aka rasa yadda za a yi da shi.

To, yanzu mu dubi garuruwan biyu, gama ba haihuwa ɗaya aka yi musu ba. Sabon Gari ɗan jirgin ƙasa ne. Layin dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911 ya ratsa ta Zariya, daga baya aka ja wani ƙaramin layi zuwa ƙasar Jos, aka kuma ja wani ta Funtuwa da Gusau wanda ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Zariya ta zama mahaɗa. Ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma suna bukatar wurin zama, Turawa kuwa ba su so su shiga birni, sai aka yanka musu fili a arewacin Kubanni. Aka ja layuka a miƙe, aka raba fuloti, aka sa wa tituna suna, shi ya sa har yau ake da Titin Legas da Titin Binin. Dokar garuruwa ta 1917 ta sa wannan yanki a hannun jami'in Bature, ba a hannun Sarki ba, ta kuma tanadi filin da ba a gini mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don sauro. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna kusa da tasha. Wurin da muke kira PZ sunan ɗaya daga cikinsu ne. Sai daga baya aka mayar da Sabon Gari hannun En'e. Saboda haka Sabon Gari yana da tsari tun asali, amma tsarin an yi shi ne don mutane kaɗan, masu tafiya a ƙasa da masu keke. Fulotin da aka yanka don iyali ɗaya yau ɗakunan haya ne da shaguna, lambatun kuwa faɗinsa bai ƙaru ba.

Samaru kuma ɗan makaranta ne. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a nan, a shekarun 1950 aka gina kwalejin da harabarta ta zama ta Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba 1962. An zana jami'a a takarda kafin a aza tubali: ga tituna, ga itatuwa, ga hanyoyin ruwa. Amma ba wanda ya zana inda leburori da masinjoji da kuku da masu wanki za su kwana, balle dubban ɗaliban da ɗakunan kwana ba su ishe su ba a yau. Sai garin ya tsiro da kansa a ɗaya hannun Titin Sakkwato, ya tsallake layin dogo ya zama Hayin Dogo, ya miƙa wajen Bomo da Basawa. Mai gona ya yanka gonarsa ya sayar, mai saye ya gina har bakin iyaka, aka bar wa hanya abin da ya rage, ruwa kuwa ba a bar masa komai ba. Sabon Gari tsari ne da jama'a suka fi ƙarfinsa, Samaru jama'a ce da ta riga tsari zuwa. Ciwon da suka gamu da shi daga ƙarshe iri ɗaya ne.

Ga yadda ciwon yake tafiya, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar magana. Ƙasar Zariya takan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba, mafi yawa a watan Agusta. Watau watanni shida ko bakwai lambatu a bushe yake. Rami ne a buɗe a ƙofar shago, ga mai shayi, ga mai rake, ga ɗalibi ya shanye ruwan ledarsa. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin ya jefa abu a ciki. Iskar hunturu ta ƙara da ƙasa. Kafin ruwan farko ya sauka, lambatu ya cika. Ruwa kuwa ba ya jiran izni: in ya rasa hanyarsa sai ya hau kan titi ya kwanta.

Mutane da yawa suna tsammani kwalta ce titi. Kwalta fatar titi ce kurum, kaurinta bai wuce na 'yan yatsu ba. Abin da ke ɗaukar nauyi shi ne jar ƙasa da tsakuwa da aka daddaɓe a ƙarƙashi, aikin kwalta shi ne ta hana ruwa isa gare su. Jar ƙasar nan in ta bushe kamar dutse take, in ta jiƙe sai ta yi laushi. Ruwan da ya kwana a kan titi yakan nemi tsaga ya shiga, ko ya ci gefen titi ya shiga ta ƙasa. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sa'an nan babbar mota ta bi ta kai. Wani gwaji da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan jerin ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa titi takan ninku wajen sau 16. Ku auna wannan da tirelar da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Kayan da jirgin Ƙauran Namoda yake ɗauka a dā, da hatsi da auduga da dabbobi, yau a kan taya suke bin Titin Sakkwato, ga tankokin mai da motocin siminti masu nufar Gusau da Sakkwato. Ƙasa mai laushi, nauyi mai yawa: kwalta ta dare, ta ɓare, rami ya fito. Ramin kuma ya tara nasa ruwan, ya haifi 'ya'ya. In aka zo aka cike ramin ba a yashe lambatun ba, an ba mai zazzaɓi ruwan sanyi ne kurum, baɗi war haka za a sake ba da kwangilar.

Ruwan nan bai tsaya a titi ba. Wanda ya kwanta a lambatu ya yi baƙi, shi ke haifar da sauron da ke hana barci. Wanda ya tsaya a ramin titi da kududdufi, rana na dukansa, ya fi dacewa da sauron zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya malala kuma yakan haɗu da na masai ya shiga rijiyoyin gidaje, abin da ke buɗe wa amai da gudawa ƙofa, kamar annobar da ta game jihohi da yawa a 2021. Saura kuma ya gangara. Ina ya nufa? Rafin da ke kwashe ruwan Samaru yana bi ta ƙarƙashin titi ya shigo harabar jami'a ya zuba a madatsar ruwan Kubanni, wadda aka gina a 1973, wadda daga ita ake tace ruwan da muke sha a nan. Masu binciken ƙasa na wannan jami'a sun daɗe suna nuna cewa laka tana cike madatsar. Kowace leda da aka jefa a lambatun kasuwar Samaru, wasiƙa ce aka aiko wa jami'a. Katanga tana tare mutum, ba ta tare ruwa. Kubannin nan kuma ita ce ta wuce tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, ta karɓi nasu rabon, masu lambu suna ban ruwa da ita, kafin ta faɗa Galma. Latas da kabejin kuma su dawo kasuwa.

Batun haɗari daga nan ya taso. Direba ya kauce wa rami ya shiga hannun wani. Tarin bola ya cinye gefen titi, mai tebur ya aza katako a kan lambatu ya baje hajarsa, mai a-daidaita-sahu ya tsaya ɗaukar fasinja inda ya ga dama, sai mai tafiya a ƙasa ya rasa wurin sa ƙafa, ya hau kwalta tare da tirela. Amma kada a ɗauka gyaran titi kaɗai shi ne magani, gama sabon titi yana da nasa sharrin. Titi mai rami yana karya mota, titi mai sulɓi yana karya mutum. In direba ya ninka gudunsa sau biyu, tazarar da zai ci bayan ya taka birki takan ninku sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda ta buge yakan ninku sau huɗu da rabi. Rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a kan hanya kowace shekara a duniya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma ba abin da ya fi haɗarin hanya kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Shekarun ɗalibanmu ke nan da na ƙannensu.

Ku dubi yanayin Samaru da wannan ido. Ajin karatu yana hannu ɗaya na titi, ɗakin kwana da kasuwa da mai abinci suna ɗaya hannun. Dubban mutane suna tsallaka babbar hanyar Tarayya sau biyu ko sau huɗu kowace rana, wasu da dare bayan sun tashi daga karatu. Tun da asibitin koyarwa ya koma Shika a 2005, marasa lafiya da masu jinya su ma wannan hanya suke bi. Ga direban da ya taso daga Legas, wannan wuri wani yanki ne na doguwar hanya; ga ɗan Samaru kuwa tsakar gida ce. Haka abin yake a Kwangila, inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta haye ta Sakkwato, ƙarƙashin gada ya zama tasha da kasuwa a lokaci guda. Babban aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, da aka ba da kwangilarsa a ƙarshen 2017, ya rage wa matafiyi tsakanin Kaduna da Zariya wahala ƙwarai, ba mai musun wannan. Amma irin wannan aiki lissafinsa na mai wucewa ne, ba na mai tsallakawa ba. A ganina, inda babbar hanya ta ratsa tsakiyar gari, wajibi ne gari ya ci nasara a kan hanya: a sa tuddan rage gudu da aka gina bisa ƙa'ida, ba waɗanda matasa ke tarawa da ƙasa bayan an kaɗe yaro ba, a haskaka wuraren tsallakawa, a keɓe wa masu haya wurin tsayawa. Gadar sama ta masu ƙafa tana da kyau a hoto, amma tsohuwa mai ciwon gwiwa da mai tura baro ba za su hau ta ba.

To, wa ke da alhakin duk wannan? A takarda amsar a fili take. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gini da kula da titunan cikin gari, da fitilu, da magudanan ruwa, da kwashe shara, har da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Samaru da Sabon Gari duka suna ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. Amma Titin Sakkwato na Tarayya ne, yana da tasa hukumar gyara da aka kafa a 2002. Kiyaye haɗurra a kansa na hukumar da aka kafa a 1988 ne, wadda Wole Soyinka ya fara shugabanta. Jiha tana da tata hukumar hanyoyi, da ta kare muhalli, da ta kula da zirga-zirga. Filin gefen layin dogo na hukumar jiragen ƙasa ne. Jami'a tana da iko a cikin katangarta. Shirin sabunta birane da Gwamnatin Jihar Kaduna ta fara a 2019 ya iso Zariya, aka faɗaɗa wasu tituna aka yi musu lambatu na kankare, a 2021 kuma aka kafa wata hukuma ta musamman don Zariya da kewayenta. Ma'aikatan da ke zaune a nan sun fi ni sanin yadda fayil yake yawo tsakanin waɗannan ofisoshi. Ku ɗauki kwalbati ɗaya da ya toshe a Samaru: titin da ke kansa na Tarayya, sharar da ke cikinsa ta ƙaramar hukuma, ruwan da ke fita daga bakinsa na jami'a. Kowa yana da hujjar cewa ba nasa ba ne, kuma kowa gaskiya ya faɗa.

Dattawa sukan yi begen zamanin duba-gari, mutumin da ke shiga gida ya leƙa randa ya kai maigida gaban alƙali. Wasu kuma sukan tuna da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda aka buɗe babinsa na tsabtar muhalli a Kano a watan Yuli 1985, daga nan aka gaji sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Ni ban cika yarda da wannan bege ba. Tsabtar da tsoron bulala ya kawo takan tafi tare da mai bulalar. Har ila yau sharar Asabar tana da wani gurbi da kowa ya sani: jama'a su fito su yashe lambatu su tara dattin a bakinsa, motar kwasa ba ta zo ba, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Ƙasar Ruwanda ita ma tana da irin wannan aikin gayya na Asabar ɗin ƙarshen wata, amma ta haɗa shi da hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Sun rage abin da ke shiga lambatun tun daga tushe. Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje, abin da ya fi ba ni sha'awa ba motocin sharar ba ne, sanin rana ne: kowane gida yana da lamba, kowane layi yana da ranarsa, in mota ba ta zo ba an san ofishin da za a tambaya, ofishin kuma ya san gidan da bai biya ba.

Abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne mu mayar wa juji darajarsa. Mafi yawan abin da gidajenmu ke zubarwa har yanzu toka ce da ƙasa da ragowar abinci, abin da gona ke so. In an ware leda tun daga ɗakin girki, sauran taki ne, kuma muna zaune a garin da ke da cibiyar binciken aikin gona da ta haura shekara 100, a lokacin da kuɗin takin zamani ya gagari ƙaramin manomi. 'Yan jari-bola sun riga sun nuna hanya: ba ka ganin ƙarfe ko gorar roba sun kwana a bola, domin suna da mai saye. Ledar ruwa ce ta rasa mai so, saboda ba ta da nauyi a sikeli. Masu yin ruwan leda a Samaru da Sabon Gari ba ɓoyayyu ba ne, sunansu yana jikin kowace leda, motocinsu kuma suna komawa wayam bayan sun sauke kaya. In aka sa wa buhun ledar da aka tattara ɗan farashi, yara za su share ta daga titi cikin mako guda.

Yasar lambatu kuwa aikin watan Afrilu ne, ba na Agusta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ya kamata ya san haka, a saki kuɗin kafin hadari ya haɗu, a kuma tsayar da motar kwasa a ranar da aka yi yasar. Kowace kwangilar titi a rubuta a cikinta wanda zai riƙa yashe lambatunsa bayan an yanke ƙyalle an tafi. Kwalbatocin da ke ƙarƙashin Titin Sakkwato, daga Kwangila zuwa Shika, ba su fi ƙarfin ƙidaya ba. Ɗaliban injiniya za su iya bin su ɗaya bayan ɗaya cikin hutu guda, su ba kowanne lamba, a rubuta a jikinsa da fenti sunan ofishin da zai amsa tambaya in ya toshe, a kai kwafin jerin ga masu unguwanni da hakimi.

Shugaba, a nan zan dakata, don a sami lokacin tambayoyi.